Matsalar Rufi a Madarumfa da Darasin Sabon Ilimin Gini

Duk wanda ya taɓa gina ko da ɗaki ɗaya a ƙasar Madarumfa ya san cewa tayar da bango ba ya hana mai gida barci. Ƙasa mai kyau tana nan a bakin fadama, ruwa yana kusa, masu buga bulo kuma ba su yi ƙaranci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da bango ya kai tsawon da ake so, aka zo maganar abin da za a rufe shi da shi. A nan ne kuɗi ke ƙarewa, shi ya sa a garuruwa da ƙauyuka da dama ake ganin kangaye tsaye shekara da shekaru suna jiran rufi, damina tana cinye su kaɗan-kaɗan.

Zaɓin da ke gaban mai gini bai wuce huɗu ba. Na farko shi ne azara, wato gangar giginya ko goriba da aka tsaga, wadda gara ba ta cika ci ba. Sai dai giginya tana ɗaukar gomman shekaru kafin ta isa sara, kuma itatuwan yankin, har da na dajin Baban Rafi da ke ciyar da birnin Maraɗi da itacen girki, sun riga sun sha gatari. Na biyu shi ne kwano, wanda yake mayar da ɗaki tanda a lokacin bazara, ya hana malami jin ɗalibinsa idan ruwa ya sauko, iskar farkon damina kuma ta yaye shi cikin dare ɗaya. Na uku shi ne kankare, mai cin siminti da rodi, wanda farashinsa ya fi ƙarfin manomi, ko da daga Malbaza simintin ya fito. Na huɗu shi ne kara da zana, rufin wanda ba shi da komai.

Wannan zaɓi na huɗu ya riga ya ci rayuka. Ranar 8 ga Nuwamba, 2021, gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, kimanin kilomita 20 daga Madarumfa, ta hallaka yara aƙalla 25. A watan Afrilu na shekarar, irin wannan masifa ta auku a Yamai, inda yara kusan 20 suka rasu. A wancan lokaci hukumomi sun ƙiyasta cewa azuzuwan zana a faɗin ƙasar Nijar sun kai kimanin 36,000. Bayan shekara 3 kuma, a daminar 2024, ambaliya ta rusa dubban gidajen ƙasa, jihar Maraɗi tana sahun gaba wajen asarar rayuka. Wuta ta cinye rufi marar nauyi, ruwa ya kayar da mai nauyi a kan masu shi.

Ana iya samun rufi na biyar, kuma hanyar samunsa tana cikin wani fanni da ake ɗauka na manyan biranen Turai ne kawai: sabon salon zanen gine-gine da ke haɗa lissafin siffofi da ƙira ta hanyar kwamfuta domin samar da gini marar nauyi. Abin da Madarumfa take bukata daga wannan fanni shi ne lissafinsa, domin lissafin yana shiga hannun magini ya zauna. Manyan injinansa kuwa, babu gaggawar kawo su.

Ƙarfi daga siffa

Asalin wannan ilimi abu ne mai sauƙin gwadawa. Idan aka riƙe takarda ta gefe ɗaya, sai ta lanƙwashe ƙasa. Idan aka ɗan tanƙwara ta kamar indararo, sai ta miƙe har ta ɗauki alƙalami, alhali nauyinta bai ƙaru ba. Haka ƙwarya take: kaurinta bai kai na ɗan yatsa ba, amma idan aka kife ta, sai ta jure nauyin da faifai mai irin kaurinta ba zai jure ba. Siffa ce ta ba ta ƙarfin.

Masana gini sun raba ƙarfin da ke aiki a jikin gini gida biyu, wato danniya da ja. Ƙasa da dutse da bulo suna jure danniya ƙwarai, amma da zarar an ja su sai su tsage. Igiya da waya da tufafi kuwa ja suke jurewa, ba su da kataɓus a gaban danniya. Shimfiɗaɗɗen rufi yana fama da duka biyun lokaci guda, samansa yana dannuwa, ƙasansa yana jawuwa, shi ya sa yake bukatar itace ko rodi. Idan kuwa aka samo siffar da danniya kaɗai za ta bi ta cikinta, to ƙasa zalla ta isa ta yi rufi.

A shekarar 1675 masanin kimiyya na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana yadda ake samo wannan siffa. Sarƙar da aka rataye ta baki biyu tana saukowa ta yi wani lanƙwasa da babu komai a cikinsa sai ja. Idan aka juya wannan lanƙwasa sama, sai ya zama baka da babu komai a cikinsa sai danniya. Antoni Gaudí na ƙasar Sifen ya shafe shekaru yana rataya igiyoyi da ƴan jakunkunan darma domin fitar da fasalin wata coci, yana ɗaukar hotonsu yana juyawa. Frei Otto na Jamus ya bi ta ɓangaren ja, yana nazarin kumfar sabulu da raga, kuma yana cikin waɗanda suka fitar da rufin filin wasannin Olamfik na birnin Munik a 1972. Alhazan Madarumfa ma sun zauna a inuwar wannan ilimi, domin manyan laimomi 250 da ke buɗewa da rufewa a harabar Masallacin Annabi a Madina aikin kamfanin Mahmoud Bodo Rasch ne, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Otto.

Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri da tabbaci. Gwajin da Gaudí ya yi da igiya cikin shekaru, yanzu manhaja tana yin sa cikin mintoci, ta kuma nuna ta inda nauyi yake bi da kuma iyakar sirancin da rufi zai iya yi. Rukunin bincike na Philippe Block a jami'ar ETH da ke Zurik ya nuna haka a bajekolin gine-gine na birnin Benis a 2016, inda ya kafa rufin duwatsu 399 da aka yanka bisa umarnin kwamfuta, ba turɓaya ba siminti a tsakaninsu. Faɗinsa ya kai kusan mita 16, kaurinsa a wasu wurare santimita 5 kacal. Wanda ya fi kusa da halin Sahel shi ne ginin cibiyar tarihi ta Mapungubwe a Afirka ta Kudu, wanda ya ci kyautar ginin shekara ta duniya a 2009. Masana ne suka lissafa siffar rufinsa, amma mutanen yankin marasa aikin yi ne suka matse ƙananan fale-falen bulo daga ƙasar wurin da injin hannu, suka jera su da hannunsu.

Abin da magina suka riga suka sani

Wannan magana ba za ta zama baƙuwa a kunnen maginin Hausa ba. Azara ɗaya ba ta iya ƙetare fiye da kusan mita 2 ɗauke da nauyin ƙasa ba tare da ta saki ba, don haka magina suka ƙirƙiro bakan gizo. Ana dasa azara a jikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ƙafafuwan biyu su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami daurin guga, a kansa kuma a ɗora tulluwa. Da wannan dabara Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin rabin farko na ƙarni na 19. A Nijar kuma, Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, daga baya ya sake rufinsa da bakuna da tulluwa, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ko manyan rumbunan laka na ƙasar Adar, masu siraran bango da faɗin ciki, shaida ne cewa hannun manomi ya san sirrin ƙwarya.

Sai dai wannan gado yana da iyaka guda biyu. Bakan gizo yana cin azara da yawa, azara kuwa ta yi wuya. Bugu da ƙari, ilimin yana tafiya ne daga uba zuwa ɗa ta hanyar gani da gwadawa, don haka magini mai hankali yakan ƙara kauri domin kauce wa haɗari, kaurin nan kuma shi ne nauyin da ke danne mutane idan rufi ya jiƙe. An fara neman mafita daga iyaka ta farko tun 1980 a Cikal, kusa da Filinge, inda ƙungiyar Development Workshop ta soma koyar da gini ba da itace ba, wato rufin bulo zalla irin na ƙasar Nuba a kudancin Masar. A tsakiyar ɗaki ake kafa wani sandan ƙarfe mai juyawa, shi yake nuna wa magini mazaunin kowane bulo da karkatarsa. Wannan sanda lissafi ne da aka mayar kayan aiki, kuma magina da yawa da ba su taɓa shiga aji ba sun ƙware da shi.

A garin Dandaji na jihar Tawa an ga mataki na gaba. Mariam Issoufou, ƴar Nijar da ta fara karatu a fannin kwamfuta kafin ta koma zanen gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse da inji. An kammala cibiyar, mai suna Hikma, a 2018. A kasuwar garin kuma ofishinta ya kafa laimomin ƙarfe masu launi, wasu sama wasu ƙasa, suna ba da inuwa iska tana ratsawa. Garin Hausawa ne, ƙasarsa aka yi amfani da ita, maginansa suka yi aikin.

Inji ko lissafi

Da an ambaci ƙira da kwamfuta, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne injin da ke zuba bango layi bisa layi kamar mai matsa lalle. A 2021 kamfanin 14Trees ya zuba bangon wata makaranta a ƙasar Malawi cikin awa 18. A shekarar ne kuma aka kammala wani gida mai suna Tecla a Italiya, wanda inji ya zuba da lakar wurin. Abin sha'awa ne, amma ga Madarumfa hujjoji uku sun tsaya masa a gaba. Yawancin waɗannan injina bango suke yi, da hannu ake ɗora rufi daga baya, alhali bango ba shi ne ciwon ba. Suna bukatar wutar lantarki tsayayya a ƙasar da kusan mutum 1 cikin 5 ne yake da ita, wadda kuma ta ɗanɗana duhu a watan Agusta na 2023 lokacin da aka yanke layin da ke zuwa daga Nijeriya. Sannan an ƙera su ne domin ƙasashen da leburan gini suka yi tsada, alhali a nan samari ne ke tsallaka iyaka ta Dan Isa da Jibiya duk rani suna neman aikin ƙarfi.

Akwai wata ƙira da kwamfuta mai rahusa wadda ta fi dacewa. A ɗauki ajin makaranta mai faɗin mita 7 da tsawon mita 9. Injiniya zai auna ƙarfin bulon da aka matse daga ƙasar yankin, ya sa manhaja ta fitar da lanƙwasar da ta dace da kaurin da ya wadatar. Daga nan sai a yanka wannan lanƙwasa a jikin katako ko farantin ƙarfe, ko ma a buga ta a kan takarda daidai girmanta, mai walda ya tanƙwara rodi a kai. Sau ɗaya ake wannan aiki a birni. Ma'aunin da aka samu zai hau amalanke ya zaga ƙauyuka, a gina aji 100 da shi, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Kwamfuta ɗaya a Maraɗi ta isa gunduma guda.

Domin kare wannan siririn rufi daga ruwa, akwai darasin Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker a 2022. A makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, ya yi silin na bulon ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama da shi a kan saƙar rodi da masu walda na wurin suka haɗa. Kwanon yana tare ruwa da rana, ya zarce bango ya kare shi, iska kuma tana bi ta tsakani ta kwashe zafi. A irin wannan tsari, lissafi ne zai faɗi yawan rodin da ya isa da yadda za a ɗaure shi don kada guguwa ta ɗauke.

Hujjojin masu suka

Masu shakka suna da abin faɗa, kuma ya cancanci a saurare su. Na farko, Madarumfa tana cikin sassan jihar da suka fi samun ruwa, tana zaune a bakin tafki da Gulbin Maraɗi, kuma dabarar da ta yi aiki a busasshiyar ƙasa ba lalle ne ta yi a nan ba. Rushewar tsohon masallacin Damagaram a farkon Satumba na 2024 ta ƙara wa mutane tsoron ginin ƙasa. Amsa ita ce ruwa yakan kayar da gini ta wuri biyu, ta gindi da ta ka. Harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, da rufin da ya zarce bango, su ne maganin, kuma ɗan simintin da ake da shi nan ya kamata ya tafi. Wurin da ambaliya ke bi kuwa, babu lissafin da zai sa ya dace da gini.

Na biyu, rufi mai baka yana tura bango waje, kuma siriri ba ya yafe kuskure. Idan aka kauce wa ma'auni, ko aka rage kaurin bango don tsimin kuɗi, zai faɗi. Wannan gaskiya ce, ita ce ma dalilin da ya sa ba za a bar aikin ga kwaikwayo ba. Wajibi ne a gina na gwaji, a ɗora masa buhunan yashi har ya karye, a rubuta nauyin da ya karya shi, kafin a bar yaro ko ɗaya ya zauna a ƙarƙashin irinsa.

Na uku shi ne maganar daraja. A idon mutane da yawa, siminti da kwano alamar buɗi ne, ƙasa kuwa alamar rashi. Wa'azi ba ya gusar da wannan, gani ne ke korar ji. Idan ajin makaranta ko ɗakin shan magani ko rumfar kasuwa ya yi shekara 5 yana tsaye, mai sanyi da rani, marar yoyo da damina, masu hali da kansu za su nemi maginin da ya yi shi. Saboda haka gine-ginen jama'a ne ya kamata su fara.

Harshen da za a koyar da shi

Saura tambaya ɗaya: da wane harshe lissafin zai isa ga magini? Masu zanen gine-ginen Nijar da yawa sun yi karatu da Faransanci, wasu a makarantar da ke Lome, manhajojin kuma da Ingilishi suke. Maginin Gabi ko Safo da Hausa yake aiki, yana awo da kamu da taki da gaba, yana da sunan kowane sashe na rufi tun daga ƙafar baka har zuwa indararo. Idan aka zo masa da kalmomin aro zalla, zai haddace matakai ba tare da ya fahimci dalilinsu ba, kuma ranar da ɗaki ya sha bamban da na horo, sai ya yi kuskure. Idan kuwa aka ce masa wannan bakan gizo ne da aka cire wa azara, siffarsa ce ta maye gurbinta, ya riga ya kama rabin karatun. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, littafin jagoran magini da Hausa, mai zane da awo, yana cikin ayyukan da za su nuna amfanin wannan matsayi. Tattara kalmomin tsofaffin magina kafin su shuɗe wani ɓangare ne na aikin ginin kansa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi tana da masu karatun injiniyan gine-gine da za su iya auna ƙasa su fitar da ma'auni. Birnin yana da masu walda da kafintoci. Ƙauyukan suna da magina da samari masu ƙarfi, hukumomin gunduma kuma suna da jerin makarantun da ke jiran aji. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kan aji ɗaya na gwaji a Madarumfa, a gina shi da rani, a gwada ƙarfinsa a bainar jama'a, a bar damina biyu ta wuce a kansa, sannan a lissafa kuɗinsa a kwatanta da na kankare. Idan ya gaza, asarar ba ta wuce ta ɗaki ɗaya ba. Idan ya tsaya, dubban yaran da ke karatu a ƙarƙashin zana za su sami rufin da wuta ba ta ci, wanda aka haƙo daga ƙasar garinsu.